Wuta, Janareta da Kwamfuta: Lissafin da Yaƙi Ya Tilasta wa 'Yan Kasuwar Kartum da Umdurman

A farkon watan Fabrairu na shekarar 2024 ne layukan wayar salula da na intanet suka ɗauke a kusan dukkan faɗin ƙasar Sudan. Kamfanonin MTN da Sudani ne suka fara yin shiru, bayan 'yan kwanaki kuma Zain ya bi sahu. Ba sare dogayen ƙarafan sabis aka yi ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da ya faru shi ne, manyan cibiyoyin kwamfuta da ke juya harkokin waɗannan kamfanoni duk suna cikin birnin Kartum ne, a yankunan da dakarun RSF ke riƙe da su a wancan lokaci. Gwamnati ta zargi RSF da kashe su, ita kuma RSF ta musanta. Ko ma wane ne ya yi, sakamakon ɗaya ne: ɗan kasuwa a Umdurman ya wayi gari da kuɗinsa a banki, da wayarsa a hannu, amma ba shi da ikon sayen ko da buhun sukari ɗaya.

Wannan labari ya shafi duk wani mai shago a Jibiya, ko Illela, ko Maigatari, ko Birnin Ƙonni, ko Maraɗi, domin kuwa yau kasuwanci ya rataya ne a wuyan na'ura, na'ura kuma ta rataya a wuyan wuta. Bugu da ƙari, Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe. Tun zamanin da ake tafiya Makka da ƙafa kakanninmu ke yada zango a can, kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Har yau da wuya ka shiga babbar kasuwa a ƙasar ba ka ji ana Hausa ba.

Akwai wani fanni da masana harkar kwamfuta ke magana a kai, wanda a taƙaice za mu iya kira auna ƙarfi daidai da buƙata. Ma'anarsa ita ce kamfani ko shago ya san nawa ne ainihin aikin da na'urorinsa ke yi, a wane lokaci aikin ke yawa, a wane lokaci yake raguwa, sannan ya tanadi na'ura da wuta gwargwadon haka, ba ƙari mai yawa, ba ragi. Ɗan kasuwa ya riga ya san wannan ilmi ta wata fuskar. Babu mai hankalin da zai ɗauki shatar tirela don buhu ashirin na wake, haka nan babu wanda zai ɗora buhu ɗari a kan akori-kura ya ce zai kai Legas lafiya. Abin mamaki, mutumin da ba zai taɓa yin wannan kuskure a tasha ba, shi ne zai kunna janareta mai ƙarfin ɗaukar gida guda don cajin wayoyi da fanka ɗaya.

A ƙasashen Turai da Amurka ana tattauna wannan batu ne don kare muhalli da rage hayaƙin da ke dumama yanayi. A Kartum kuwa larura ce ta koyar da shi.

Tun kafin yaƙi wutar Sudan ba ta wadata ba. Fiye da rabin abin da ƙasar ke samarwa daga madatsun ruwa yake fitowa, babba daga ciki ita ce ta Marawi da ke arewacin Kartum, wadda aka buɗe a watan Maris na 2009, mai injuna goma da ƙarfin megawat 1,250. Sauran kuma tashoshi ne masu ƙona mai, irin su Garri da ta Bahri. Duk lokacin bazara, sa'ad da zafin Kartum ke wuce digiri 40 kuma kowa ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, sai a koma rabon wuta unguwa-unguwa. Don haka bankuna da kamfanonin waya da manyan shaguna kowa da janaretansa a bayan gida. Har ila yau, takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar daga 1997 zuwa watan Oktoba na 2017 ya hana kamfanonin Sudan samun sababbin kayan aiki cikin sauƙi, ya kuma toshe musu hanyar yin hayar ma'ajiyar bayanai a wurin manyan kamfanonin duniya. Lamarin da ya sa kowa ya gina tasa a gida, gidan kuma kusan ko da yaushe Kartum ne.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, sai wannan tsari ya nuna rauninsa nan take. Kamfanin EBS, wanda ke ƙarƙashin Babban Bankin Sudan kuma shi ne ke haɗa bankunan ƙasar da juna ta na'ura, ya tsaya, domin na'urorinsa na tsakiyar fagen daga. Tura kuɗi daga wani banki zuwa wani ya gagara. An wawushe rassan bankuna, an ƙone sassan kasuwanni, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci. Abin da ya rage a tsaye, duk da yakan yi tangal-tangal, shi ne manhajar Bankak ta Bankin Kartum, wadda ke da nata tsarin na daban. A cikin 'yan watanni ta zama ita ce aljihun talaka da attajiri. Da ita 'yan'uwa da ke Saudiyya da Masar ke turo agaji, da ita ake sayen gawayi da albasa, da ita kuma ɗakunan girki na sa-kai, waɗanda 'yan Sudan ke kira takaya, ke karɓar gudummawar ciyar da unguwanni. Shi ya sa ɗaukewar layi ta Fabrairun 2024 ba ta tsaya ga 'yan kasuwa ba. Tukwane da dama na waɗannan takaya sun sauka daga murhu saboda kuɗi ya kasa isowa.

Kamfanin Sudani ya fara dawowa bayan kimanin mako guda a wasu sassa, Zain kuma sai a farkon watan Maris, dukansu bayan sun karkata aikinsu zuwa Fot Sudan da ke bakin Bahar Maliya. Jihar Kartum kuwa ta daɗe cikin duhu bayan nan. Mutane suka koma ga farantan Starlink da aka yi fasa-ƙwaurinsu ta Chadi da Libiya da Sudan ta Kudu, ana biyan kuɗi bisa sa'a don a samu a tura saƙo ko a duba asusu. A ƙarshen 2024 kuma gwamnati ta sauya takardun fam 500 da 1,000, ta ce sai an zuba tsofaffin a asusun banki, abin da ya ƙara tura ɗimbin jama'a kan manhajojin waya. Mu a nan mun ɗanɗana irin wannan a farkon 2023, lokacin canjin Naira, sa'ad da kowa ya afka wa taransifa lokaci guda, manhajojin bankuna suka riƙa ƙamewa, a ciri kuɗin mutum amma kada ya isa. Wancan shi ne misalin ƙarfin da ya gaza buƙata.

To amma ɗaya ɓangaren, wato ƙarfin da ya wuce buƙata, shi ne wanda ba a cika gani ba, kuma shi ne ke cin kuɗi a ɓoye.

Bari mu ɗan leƙa cikin irin waɗannan cibiyoyi. Ɗaki ne cike da manyan kwamfutoci da ake kira saba, jere a kan kantoci, ba a kashe su dare da rana. Wasu injiniyoyi biyu na kamfanin Google, Luiz Barroso da Urs Hölzle, sun nuna tun 2007 cewa sabar wancan zamani ko da tana zaune ba ta aikin komai, tana jan kusan rabin wutar da take ja idan tana aiki da dukkan ƙarfinta. Na yanzu sun fi kyau, amma har yanzu zaman banza ba kyauta ba ne. A 2015 kuma wani bincike na Jonathan Koomey da Jon Taylor ya gano cewa kimanin kashi 30 cikin ɗari na sabobin da suka duba a kunne suke, amma sun yi wata shida ko fiye ba su yi wani aiki mai amfani ba. An saye su don wani aiki, aikin ya ƙare, an manta da su, kuma kowa na tsoron kashewa kada wani abu ya lalace a ce shi ne. Kamar mutum ya ajiye jakuna goma yana ba su dusa kullum, alhali uku daga ciki rabon su da ɗaukar kaya tun bara.

Kuma kowace saba zafi take fitarwa, zafin kuma sai an kore shi da wata wutar. Cibiyar Uptime ta ce a 2024, a matsakaicin lissafi, duk wat 100 da kwamfutocin ke ci, akwai ƙarin wat kusan 56 da ke tafiya wajen sanyaya ɗaki da sauran hidindimu. Manyan kamfanoni irin su Google sun sauko da nasu zuwa kusan wat 10. Mai karatu ya ƙaddara yadda abin zai kasance a garin da iskar waje kanta ta fi digiri 40, ga guguwar ƙura ta habub da ke toshe matatun iska. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 irin waɗannan cibiyoyi sun sha kimanin kashi 1.5 cikin ɗari na dukkan lantarkin duniya, kuma tana hasashen adadin zai ninka fiye da sau biyu nan da 2030.

Maganin da masana suka daɗe suna bayarwa ba mai wuyar fahimta ba ne. A auna aikin kowace na'ura na tsawon makonni, a kashe waɗanda suka mutu a tsaye, a haɗa aikin sabobi da yawa masu ƙaramin lodi a kan guda ɗaya mai ƙarfi, wadda manhaja ke rarrabawa ta zama tamkar kwamfutoci goma a cikin akwati ɗaya. Sannan a daina mai da ɗakin kamar firij, tunda ƙa'idar da ƙwararru ke bi ta yarda da zafi daga digiri 18 har zuwa 27. Ayyukan da ba na gaggawa ba, kamar kwafe bayanai da haɗa lissafin wata, a kai su lokacin da wuta ta fi sauƙi.

A nan ne, a ganina, labarin Kartum ya zo da gyara ga wannan shawara. Idan aka bi hanyar tsimi kawai, amsar ita ce a tara komai wuri guda, domin ɗaki ɗaya babba ya fi ɗakuna biyar ƙanana arhar sanyayawa da gadi. Kusan abin da Sudan ta yi ke nan, kuma mun ga abin da ya biyo baya. Ajiye kwafin bayanai da ƙaramar cibiya ta ko-ta-kwana a wani gari mai nisa ba ɓarna ba ce, ko da kuwa tana shan wuta ba a amfani da ita kullum. Ɓarna ita ce injin da ba wanda ya san dalilin da ya sa yake kunne. Dole a bambance tsakanin tayar safiya da ke bayan mota da buhun yashin da aka manta a but. Duka biyun nauyi ne, amma ɗaya kaɗai ke da ranar amfani. Kamfanin da ya share sabobin banza daga ɗakinsa na Kartum, da kuɗin man da ya rage zai iya riƙe ƙaramin wuri a Atbara ko Fot Sudan.

Ita ma wutar gwamnati ba ta tsira ba. Daga watan Janairu na 2025 jirage marasa matuƙa suka riƙa kai hari kan tashar Marawi da wasu tashoshin rarraba wuta, garuruwa suka riƙa kwanaki cikin duhu. Sojoji sun ƙwace fadar shugaban ƙasa da filin jirgin Kartum a watan Maris na 2025, suka karɓe Kasuwar Libiya da ke yammacin Umdurman a ƙarshen watan, amma a tsakiyar watan Mayu aka buga tashoshin wuta na Umdurman, dukkan jihar ta rasa lantarki. Injunan tace ruwa suka tsaya, jama'a suka koma ɗibar ruwan kogi, cutar kwalara ta yi ɓarna. Matatar mai ta Jaili kuwa, wadda ita ce mafi girma a ƙasar, yaƙi ya lalata ta, sai aka koma dogaro da man da ake shigowa da shi ta jirgin ruwa. A irin wannan hali, duk litar da aka ƙona a banza, lita ce da aka hana famfon ruwa ko ɗakin tiyata.

Don haka farantan sola suka zama haja mai tafiya a kasuwannin da suka ci gaba da ci, irin su Sabrin da ke Karari a arewacin Umdurman. Kuma sola malama ce mai tsanani. Janareta na yafe wa marar lissafi, in dai zai iya sayen mai. Sola ba ta yafewa: abin da ka tara da rana shi za ka ci da dare.

Ga misali, kuma misali ne kawai, kowa sai ya sa nasa alƙaluman, waɗanda ke rubuce a bayan kowace na'ura. A ce shago na da laftof mai cin wat 60, da rawutar intanet wat 10, da fanka wat 70, da ƙwayayen fitila huɗu na zamani wat 40, da ƙaramar firinta ta tawada wat 20, da wayoyi da na'urorin POS goma a caji, wat 100. Jimla wat 300 ke nan. Idan za a yi awa takwas ana aiki, buƙatar yini ita ce 2,400. Janaretan da aka fi gani a irin wannan shago yana iya ba da wajen wat 2,000, wato ana amfani da kashi 15 cikin ɗari ne kawai na ƙarfinsa, shi kuwa ba ya rage shan mai daidai da ragin lodin. Babban inji mai amfani da dizal, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira gazuwal, shi matsalarsa ta fi haka, domin idan ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa, man ba ya ƙonewa sarai, sai ya riƙa tara baƙin maiƙo a salansa, ya tsufa da wuri. Duk litar fetur da aka ƙona tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kuma kusan kilo 2.7. Shagon da ke ƙona lita biyar ta fetur a kullum, cikin kwana 300 ya saki kusan tan uku da rabi. A ninka wannan da yawan shagunan layi ɗaya a Kantin Kwari ko Kasuwar Libiya, ban da ƙara da tari da jan ido.

Wannan shago farantai masu jimlar wat 600 za su iya riƙe shi, idan aka ƙaddara awa biyar na rana mai ƙarfi, wato 3,000 a yini. Na ce biyar ne ba shida ba, saboda ƙura na rage ƙarfin faranti, zafi mai tsanani ma haka, saɓanin yadda wasu ke zato. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 na ɗauke da 2,400, amma idan na dalma ne rabi kawai ya kamata a sha, wato awa huɗu na wancan lodi ko ƙasa da haka idan aka cire abin da inbata ke ci. Wanda ke tatse shi har ƙasa kullum, ko ya ajiye shi a ƙarƙashin kwano mai zafi, to shekara guda ma sai da sa'a, domin duk ƙarin digiri goma a kan 25 na iya rage rabin rayuwarsa.

Babbar matsalar ita ce injin fotokwafi da firinta mai hoda, waɗanda ke zabura su ja wajen wat 1,000 idan za su dumama. Saboda su kaɗai mutane ke sayen babban janareta su bar shi yana ruri tun safe. Dabarar ita ce a tara irin wannan aiki a yi shi da tsakar rana lokacin da faranti ke kan ganiyarsa, ko a tada inji na awa ɗaya a gama a kashe. Haka kuma maƙwabta huɗu ko biyar su haɗu a kan inji guda ko Starlink guda ya fi kowa ya sayi nasa, muddin an yi rubutu kan wa ke cin nawa, don kada zumunci ya ɓaci. Tsohuwar kwamfutar tebur mai ƙaton gilashi kuwa, wadda ake saya da arha cikin kayan gwanjo, tana iya cin ninki uku na laftof. Arharta a ranar saye take ƙarewa.

Sai dai kada a fahimce ni da cewa a zubar da duk tsohuwar na'ura. Ƙera sabuwa ma na da nata hayaƙin a can inda ake ƙera ta, sannan ga bola. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka sarrafa ta hanyar da ta dace. Laftof da ya fara nauyi sau da yawa ƙarin ƙwaƙwalwa da sabon batir da busa ƙura kawai yake buƙata. Mafi haɗari a wannan bola shi ne batirin dalma. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar ta Senegal, yara 18 ne suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda gubar dalma daga fasa tsofaffin batura a cikin gidaje. Duk garin da sola ta yawaita ba tare da lissafi ba, batura matattu za su yawaita, kuma 'yan gwangwan za su fasa su ne a inda yara ke wasa. Wanda ya auna batirinsa daidai ya yi shekara uku maimakon ɗaya, ya rage wannan guba da kashi biyu cikin uku ba tare da ya je wani taro kan muhalli ba.

'Yan kasuwar iyakarmu ba sa buƙatar yaƙi kafin su san ɗanɗanon wannan lissafi. An cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya tashi nan take. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta, ba ta dawo da ita ba sai watan Maris na 2024, kuma masu shagunan Maraɗi da Ƙonni sun san abin da suka kashe a kan mai cikin waɗannan watanni. Kungiyoyin kasuwa da ke karɓar kuɗin gadi da na shara duk wata, babu abin da zai hana su sayi ƙaramar mita ta hannu mai auna wat, wadda ake soka wa a soket, su riƙa ba mambobi aro na mako guda, kowa ya ga abin da na'urorinsa ke ci kafin ya je wurin mai sayar da inji ko faranti. Littafin bashi da lissafin kaya kuma, in a kwamfuta ko waya suke, a riƙa kwafe su duk Juma'a a ajiye kwafi ɗaya a wani gida dabam, ɗaya kuma a wurin amintaccen ɗan'uwa a wani gari.